Ra'ayi: Kafin ka sake sauke tamfilet, koyi jera lambobi 100 da lissafi

Yau ba sharhin sabuwar waya na zo da shi ba, ba kuma dabarar rage cin data ba. Magana nake son mu yi da matasan da suka ɗauki haɗa bidiyo a matsayin sana'a, ko suke shirin ɗauka, musamman masu yin zane mai motsi, wato irin rubutu da lambobi da siffofin nan da ke shigowa suna fita a tallace-tallace da farkon shirye-shirye. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk mai son ya daɗe yana cin abinci da wannan sana'a, to ya daina gudun lissafi. Kuma ban san wani wurin farawa da ya fi sauƙi ba kamar koyon jera lambobi a gidan dara ba tare da mutum ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba. Aiki ne da kamar bai taka kara ya karya ba, amma ni shi ne ya canza mini hanya gaba ɗaya.

Daren da lambobi 100 suka hana ni barci

Shekaru kaɗan da suka wuce, ban daɗe da sayen laftof 'yar gwanjo ba, wani mai shagon sayar da wayoyi ya ba ni aiki. Zai yi wa abokan cinikinsa rabon kyauta. Duk wanda ya sayi kaya an ba shi lamba, daga 1 zuwa 100. Yana son ɗan gajeren bidiyo da zai sa a status na WhatsApp: lambobin su fito a jere goma-goma, su riƙa haskawa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe hasken ya tsaya a kan lambar da ta ci.

Na buɗe After Effects bayan isha'i. Na yi leyar rubutu, na rubuta 1, na ja ta na ajiye. Na sake yin wata, na rubuta 2, na ja ta kusa da ta farko. Haka na yi ta yi har sau ɗari, ina daidaita su da ido, ina sa wa kowace lokacin haskawarta da hannu. Ban gama ba sai wajen ƙarfe biyun dare. Na tura masa, na kwanta ina jin ni ma wani ne.

Da safe sai ga kiransa. "Injiniya, aiki ya yi kyau. Amma fa mutanen sun kai 150. Sannan ka mayar da su sha biyu-sha biyu a layi, za su fi cika fuskar waya. Ai ba zai ɗauke ka minti goma ba ko?" Na ce, "To Alhaji, ba damuwa." Ina kashe wayar na dafe kai. Ƙara lambobi 50 ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce da zarar layi ya koma ɗaukar 12, kowace lamba sai ta bar inda take, kuma sai an sake wa kowace lokaci. Ina tsaka da aikin aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa ba ya kai awa ɗaya. Ban miƙa aikin ba sai washegari, bayan an riga an yi rabon. Ya rage mini kuɗi, kuma har ga Allah ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Alhaji ya yi gaskiya. Aikin minti goma ne, ga wanda ya san abin da yake yi. Ni ne na mayar da kaina injin buga rubutu alhali ga injin na gaske a gabana.

Lissafin kiret ɗin ƙwai

Kafin mu taɓa manhaja, ɗauki kiret ɗin ƙwai. Ƙwai 30 ne, sahu biyar, kowane sahu gurbi shida. Idan na ce ka nuna mini ƙwai na 20, ba sai ka ƙirga daga farko ba. Za ka ce sahu uku sun cinye 18, don haka na 20 shi ne na biyu a sahu na huɗu. Abin da ka yi ke nan: ka raba, ka ga sau nawa ya shiga, ka ga nawa ya rage. Rabawa da saura, lissafin da aka koya mana tun firamare.

Duk wani gidan dara na lambobi da ka taɓa gani, a kalanda ne ko a jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu na 'yan makaranta, a kan waɗannan tambayoyi biyu yake tsaye: wane sahu, wane gurbi. Amsar rabawa ita ce sahu, abin da ya yi saura shi ne gurbi.

Bambanci ɗaya ne tsakaninmu da kwamfuta a nan. Mu muna fara ƙirga daga 1, lissafin nan kuwa ya fi tafiya daidai idan aka fara daga 0. Don haka sai ka cire ɗaya daga lambar kafin ka raba. Misali lamba 37 a jerin goma-goma. Cire ɗaya, saura 36. Raba da 10, ya shiga sau 3, saura 6. Wato ka tsallake sahu uku zuwa ƙasa, ka tsallake gurbi shida zuwa dama. Lamba 37 tana sahu na huɗu, gurbi na bakwai. Ka gwada da biro da takarda, za ka tarar haka ne.

Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Abin da ya rage shi ne yadda ake faɗa wa manhaja.

Yadda ake yi a After Effects

After Effects ba sabuwar manhaja ba ce. Ta fito a 1993 daga wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA a Amurka, ta koma hannun Adobe a 1994. Tun 2001 aka sa mata damar liƙa wa kowane saiti na leya ɗan umarnin lissafi, abin da a cikin manhajar ake kira Expression, kuma da yaren JavaScript ake rubuta shi. Ka ga ke nan tun kafin a haifi wasunmu kayan aikin yake nan, mu ne dai muke tsallake shi.

A ce bidiyonka na tsaye ne irin na waya, faɗinsa fiksel 1080, tsayinsa 1920. Yi leyar rubutu guda ɗaya tak. Buɗe saitin Position, ka riƙe Alt ka danna ɗan agogon da ke gefensa, sai ka rubuta:

var fadi = 10;
var tazara = 100;
var n = index - 1;
var gurbi = n % fadi;
var sahu = Math.floor(n / fadi);
[90 + gurbi * tazara, 510 + sahu * tazara];

Ka lura da Hausa na sa sunayen, kwamfuta ba ruwanta. Kalmar index lambar leyar ce a jerin leyoyi, ta sama ita ce 1. Alamar % ita ke ba da saura bayan an raba. Math.floor kuwa tana jefar da ɗigon da ke bayan amsa, 3.6 ta koma 3. Layin ƙarshe shi ke faɗin wurin zama: a fara daga fiksel 90 ta hagu da 510 daga sama, a matsa 100 ga kowane gurbi da kowane sahu. Lambarmu ta 37 za ta sauka a 690 da 810 ba tare da ka taɓa ta ba.

Sai ka je saitin Source Text, ka yi masa haka shi ma, ka rubuta kalma ɗaya: index. Yanzu leyar za ta riƙa nuna lambarta da kanta. Danna Ctrl da D ka yi ta kwafi. Kowace sabuwa tana zuwa da lambarta, ta wuce gurbinta ta zauna. Ranar da na fara ganin haka na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki, ina tuna daren Alhaji.

Haskawar ma lissafi ce. Idan ka ce kowace lamba ta jira n sau 0.05 na daƙiƙa kafin ta bayyana, lambobi 100 za su gama fitowa cikin kamar daƙiƙa biyar. Idan kuma ka ce jinkirin ya zama sahu a tara da gurbi, hasken zai taso daga kusurwa ya ratsa a karkace kamar igiyar ruwa. Canjin layi ɗaya, motsi daban.

Saura abu guda. Idan ka bar adadin faɗi da tazara a cikin kowace leya, ranar da aka ce a koma 12 sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana gyarawa, ka koma gidan jiya. Maganinsa shi ne ka yi leya ɗaya ta saiti, ka sa mata Slider Control biyu, ɗaya na faɗi ɗaya na tazara, ka sa duk leyoyin su riƙa karanta adadin daga wurinta tun kafin ka fara kwafi. Da haka nake aiki a wancan lokacin, da buƙatar Alhaji ba ta wuce na mayar da faɗi 12, tazara 80, na gyara mafari, na ƙara kwafi 50 ba. Sahu 12 cikakku, shida a na goma sha uku, shi ke nan.

Akwai hanya ta biyu: a zuba duk lambobin cikin leya ɗaya da umarnin maimaitawa, ana sauka sabon layi duk bayan goma. Ta fi sauƙi a kan ƙaramar kwamfuta, domin leya ɗaya manhajar za ta lissafa maimakon ɗari. Amma motsa kowace lamba ita kaɗai ya fi wahala a can. Idan lambobin ado ne kawai a bayan hoto, ɗauki ta biyu. Idan kowace lamba tana da rawar da za ta taka, ɗauki ta farko.

Tarkuna huɗu da na faɗa

Na farko, index ba shi da amana. Da zarar ka ɗora wata leya a saman jerin, ko tambarin shago ne, kowa zai matsa gaba da ɗaya: lamba 1 ta zama 2, gurbin farko ya zama wayam. Ko dai ka ajiye irin waɗannan leyoyi a ƙasa, ko ka killace lambobin a nasu ɗakin daban, ko ka ƙara abin da kake cirewa.

Na biyu, salon rubutu. A wasu salo, 1 ta fi 8 siranta. Idan ka zuba lambobi a leya ɗaya da irin wannan salo, ginshiƙan za su karkace kamar katangar da aka gina babu igiya. Nemi salon da kowane harafi ke da faɗi ɗaya, irin su Courier ko Consolas ko Roboto Mono, sannan ka cike gajerun lambobi da sifili a gaba, 7 ta zama 007.

Na uku, lambobin da ke canzawa barkatai. Umarnin random yana ba da sabuwar lamba a kowane firem, wato sau 30 a daƙiƙa idan bidiyonka mai firem 30 ne. Ido ba ya iya bi, sai abin ya zama hayaniya. Da posterizeTime ake rage saurin, da seedRandom kuma ake tsayar da lambar wuri ɗaya. Wannan ne bambancin aikin da ke sa ciwon kai da irin wanda muke gani a finafinai. Ka tuna koren rubutun nan mai zubowa kamar ruwan sama a fim ɗin The Matrix na 1999, wanda Simon Whiteley ya zana, cakuɗen haruffan Japan da lambobi. Ko allon lambobin da ma'aikata ke zura wa ido a shirin Severance da ya fara fitowa a Apple TV+ a 2022, inda lambobi ke zaune a gidan dara kowace tana ɗan rawa a gurbinta. Dukansu suna kama da hargitsi, amma hargitsi ne mai linzami.

Na huɗu ya fi shafar mu masu lissafi da naira. After Effects tana da wani tsohon kayan aiki mai suna Numbers da ke nuna lamba kai tsaye, amma ba ya wuce 30,000. Ka gaya mini wace babbar waya ce za ka tallata yau da farashin da bai kai haka ba. Wanda ya dogara da maɓallin da aka ba shi a nan zai tsaya. Wanda ya iya rubuta layi biyu zai wuce abinsa.

Na san abin da wasu za su ce

Wani zai ce, ai akwai tamfilet, me zai sa na wahalar da kaina? Gaskiya ne tamfilet yana da sauri, ni ma ina amfani da shi wani lokaci. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya haɗa tamfilet ɗin ya yi shi ne don buƙatar da ya hango, ba don buƙatar Alhajinka ba. Ranar da aka ce a ƙara sahu, ko a fara ƙirga daga dama, ko a tsallake lambobin da suka riga suka ci, za ka tsaya kana kallon allo. Sannan ka yi tunani: tamfilet ɗin da ka sauke kyauta, duk wanda ke da data zai iya sauke shi. Idan kai da mutum hamsin a garinku kuna miƙa aiki iri ɗaya, da me za ku yi gasa in ba da karya farashi ba? Haka sana'a ke mutuwa a hannun masu ita.

Wani zai ce, ƙirƙirarriyar basira za ta rubuta mini. Za ta rubuta, kuma sau da yawa daidai. Ni kaina ina tambayarta kusan kullum. Amma wani abokina ya taɓa kirana cikin dare, an rubuta masa umarnin jera lambobi, ya yi aiki lafiya, da ya ɗora hoton bango a sama komai ya goce. Ya koma ya yi ta tambaya, ana ba shi sababbin umarni masu tsawo, abin yana ƙara dagulewa, domin bai san yadda zai bayyana ciwon ba. Tarkon index ne kawai. Na ce ya ja hoton ƙasa, magana ta ƙare. Akwai kuma wata: tun 2018 After Effects take da injin JavaScript iri biyu, tsoho da sabo, kuma wasu umarnin da ke aiki a sabon, irin padStart mai cike sifili, ba sa aiki a tsohon. Idan fayil ɗin da ka buɗe yana kan tsohon injin, za ka ga jan gargaɗi, alhali umarnin ba shi da laifi. Na'ura tana iya rubuta maka amsa, amma ba ta ganin allonka. Wanda ya san rabawa da saura shi ne ke cin moriyarta, wanda bai sani ba sai ya zama ɗan aike tsakanin na'ura biyu.

Wani kuma zai ce, ni ba ni da laftof, da waya nake aiki, kuma After Effects kuɗin wata-wata ake biya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba, domin ni ma da waya na fara. CapCut da KineMaster da Alight Motion sun buɗe wa dubban matasa ƙofar da a da sai mai kwamfuta. Sai dai an gina su ne don yatsa, ba don rubuta umarni ba. Suna iya maimaita maka siffa, amma sa kowane kwafi ya san lambarsa wani abu ne daban. Duk da haka, lissafin ba ya buƙatar laftof. Buɗe Google Sheets a wayarka, ka rubuta =SEQUENCE(10,10) a gida ɗaya, za ka ga 1 zuwa 100 sun jeru. Daga nan ka wuce p5.js, wani kayan zane da JavaScript ne, kyauta, wanda Lauren McCarthy ta ƙirƙiro, yana aiki a cikin burauza. Lissafin sahu da gurbi da na nuna a sama shi ne dai za ka rubuta a can. Ka sa bangon ya zama kore, ka naɗi allon wayar, ka shigar da shi CapCut ka cire koren. Rubuta umarni da madannin waya akwai gajiya, ban ɓoye maka ba, amma layi goma ne ba littafi ba. Ranar da Allah ya hore maka laftof kuma, ba dole sai Adobe ba, ba kuma sai ka ɗauko fasasshiyar manhaja mai ɗauke da ƙwayar cuta ba. Blender kyauta ce, kuma tun fitowar 3.0 a 2021 take iya mayar da lamba rubutu ta jera a cikin Geometry Nodes. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, sashenta na Fusion yana karɓar umarni da yaren Lua. Yare yana canzawa, rabawa da saura ba sa canzawa.

Na ƙarshe shi ne mai cewa, ni mai zane ne, ba mai lissafi ba. A nan ma akwai gaskiya. Lissafi ba zai zaɓa maka launi ba, ba zai gaya maka cewa rubutunka ya yi ƙanƙanta a fuskar waya ba. Na ga ayyukan da umarninsu ya yi tsaf amma ido ba ya son kallonsu. Kuma idan lambobi shida ne kawai, don Allah ka rubuta su da hannu ka wuce, kada ka kashe sauro da gatari. Abin da nake cewa shi ne, awa biyar da na ɓata ina jan lambobi, ba zane nake yi ba, dako nake yi. Da lissafi ya ɗauke mini dakon, da na samu lokacin yin zanen.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Masu ganin lissafin gidan dara kayan Turawa ne, su waiwayi tarihi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malami ɗan ƙasar Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan yadda ake cike murabba'in lambobi, irin wanda muke gani a hatimi, inda kowane sahu da kowane ginshiƙi da kowace karkata ke ba da jimilla ɗaya. A mai gida uku sau uku jimillar 15 ce, a mai biyar sau biyar 65 ce. Ba maganar abin da mutane ke yi da hatimi nake ba, lissafin nake nufi. Abin da ya sa masu tarihin lissafi suke ambatonsa har yau shi ne bai tsaya ga zana murabba'i ɗaya a kwafa ba. Ƙa'ida ya bayar, matakai da idan ka bi su za ka cike na uku sau uku, ko na biyar sau biyar, ko na bakwai sau bakwai. Da harshen yau, bai raba tamfilet ba, hanyar ya koyar. Kusan shekara 300 ke nan, da alƙalami da tawada. Mu da muke riƙe da kwamfuta a aljihu ba mu da uzurin cewa abin ya fi ƙarfinmu.

Inda abincin yake

Ka duba irin ayyukan da ake nema a kusa da kai. Jadawalin sahur da buɗa-baki na kwana 30. Teburin gasar Firimiya mai ƙungiya 20 da ke canzawa duk mako. Farashin hatsi a kasuwa. Sakamakon zaɓe na jihohi 36 da Abuja, ko na ƙananan hukumomi 44 na Kano. Jerin farashin wayoyi na shago. Duk gidajen dara ne na lambobi, kuma duk suna da hali ɗaya: suna canzawa, sau da yawa a ƙurarren lokaci. Mai yi da hannu duk canji sabon aiki ne a wurinsa, kuma duk sabon aiki sabuwar damar kuskure ce. Kuskuren lamba kuwa ba kamar kuskuren launi ba ne. Ka rubuta lokacin buɗa-baki ba daidai ba, ko ka musanya ƙuri'un ƙananan hukumomi biyu, ka ga yadda sunanka zai zaga gari.

After Effects tana iya karanta bayanai kai tsaye daga fayil ɗin JSON tun 2017, daga baya aka ƙara CSV, wato irin fayil ɗin da ake fitarwa daga Excel ko Google Sheets. Ma'ana, ka gina gidan darar sau ɗaya, duk mako ka canza fayil ɗin kawai ka fitar da sabon bidiyo. Mai irin wannan aiki ba bidiyo ɗaya yake sayarwa ba, yarjejeniyar wata-wata yake ƙullawa da gidan rediyo ko shago ko shafin wasanni. Kuma ba a saurin canza shi da wani, domin ba kowa ke iya abin da yake yi ba.

Ni abin ya kai ni inda ban zata ba. Daga index da % na fara tambayar mene ne var, mene ne umarnin maimaitawa, har na wayi gari ina rubuta JavaScript a wajen After Effects. Yau da rubuta manhaja nake ci da kaina, ban kuma wuce sakandare ba. Ba ina cewa kowa sai ya bi wannan hanya ba. Amma na san da yawa daga cikinmu suna son koyon rubuta manhaja, suna farawa da darussan da ba sa ganin amfaninsu, bayan mako biyu su watsar. Gidan dara ba haka yake ba. Ka canza 10 zuwa 12, nan take ka ga lambobi sun tashi sun sake zama. Ka yi kuskure, ka gan shi da idonka.

Don haka ga abin da nake roƙonka. A daren yau, kafin ka shiga TikTok, ɗauki takarda ka zana gida shida sau biyar kamar kiret ɗin ƙwai. Zaɓi lamba, ka cire ɗaya, ka raba da shida, ka duba ko ta sauka inda lissafi ya ce. Gobe ka gwada a Google Sheets, jibi a p5.js. Ranar da naka Alhajin ya kira da safe ya ce mutanen sun kai 150, ka ce masa "To Alhaji, ba ni minti goma," kuma ya zama da gaske kake.